Mai Saukar Baƙi Ya Rasu a Baƙunci

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Habibu a nan Kuala Lumpur, amma har yau in jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi ya ratsa da ni ta unguwar Bukit Bintang, ba na iya hana idona ƙirga tagogin wani otal.

Digiri na uku ya zo yi a kan tarihin masaukai, ya kuma fi zurfafa a kan Rumawan dā. Ni na biyo shi karatu, muka zauna tare a unguwar Sentul. Yakan ce mini a Rum mai mutunci ba ya sauka a masaukin haya, gidan aboki yake nufa. Masaukin bakin hanya na masu alfadarai ne da ƙananan fatake: hayaƙi, kuɗin cizo, dabbobi a ƙasa mutane a sama. Wasu sukan karce sunansu a bango don a san sun wuce. "Auwalu," in ji shi, "can sai wanda ba shi da kowa." Shi ya sa ɗalibi bai taɓa sauka daga Arewa ya kwana a otal ba muddin Yaya ya ji labari. Falonmu kullum da katifa a ƙasa. Baƙonka annabinka, haka yake cewa in na yi ƙorafi.

Annobar korona ta ɓarke yana can gida wajen duba Hajiyarmu. Da ya dawo aka wuce da shi otal ɗin nan aka killace. A bakin ƙofa ake ajiye masa abinci, a ƙwanƙwasa a tafi. Da zazzaɓi ya kama shi ya kira ni, yana dariya yana tari.

"Ka ga yayanka a masaukin marasa gata."

"Yaya, kwana nawa ne? Za ka fito."

Daga can asibiti aka kai shi. Mutanen da suka rufe jikinsu ruf da fararen kaya su suka yi masa sutura, mu muna tsaye daga nesa. Ban ga fuskarsa ba.

Yanzu otal ɗin ya sake fenti, ya cika da 'yan yawon buɗe ido. Akwai ma masaukan da ba ka ganin kowa, lamba ake turo maka a waya ka buɗe ƙofa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin tashi zai yi, ya je ya ƙaro katifa.

Littafin digirinsa bai kammalu ba, ba kuma wanda zai ƙarasa shi. Amma a watan jiya wani malami daga Zariya ya buga mini ƙofa, da akwatinsa da matarsa. Wani ne ya ba shi kwatance tun a gida.

"Nan ne gidan Malam Habibu?"

Na buɗe ƙofar sosai. Sannan na karɓi akwatin.

"Nan ne. Ku shigo."

Allah Ya kyautata makwancinka, Yaya.