Hannun da Kyamarata Ta Yi Ta Yankewa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Mubi ina kuma taɓa ɗaukar hoton biki ranakun Asabar, na shiga wani ruɗani da ya hana ni sakat tsawon damina guda. Jiya wani a cikinku, masu karanta rubutuna, ya tambaye ni wace kyamara zai saya, shi ne ya tuno mini da labarin.

Kyamarata ta farko ta hannu na saya, ta kuma ga jiya ta ga yau. Da gilashi biyu ta zo, amma mai zum ɗin, wato mai jawo abu kusa, ya suɓuce mini a wani biki a Maiha ya tarwatse, aka bar ni da ɗaya mara zum. Da irin wannan, in kana son abu ya matso kai za ka matsa, in kana son ka ɗebo mutane da yawa kai za ka ja da baya. Duk katangar da ke unguwarmu ta san bayana.

Da na yanke shawarar sauya ta, sai na je wurin abokina mai situdiyo a bakin kasuwa. Ya juya ta a hannu yana taɓe baki.

"Malam, wannan kyamara naka ya gama aiki," ya ce. "Kirof ne. Ka sayi ful firem ka huta."

Na ce, "Mene ne bambancinsu?"

"Bambanci? Ful firem na manya ne."

Iyakar bayanin ke nan. Na wuce wurin dattijon da ke wanke mini hotuna, shi kuma ya ce kada in bi maganar yara. "Ful firem nauyi, gilashin shi kuma tsada. Ka ɗauki sabon kirof, ka haɗa da gilashi mai faɗi. Ran da aka kira ka kasuwan shanu, kirof ne zai jawo maka sa kusa, ba sai ka shiga tsakanin ƙahon shi ba."

Ni kuwa tun ina yaro ba na iya barin abu ban ga cikinsa ba. Rediyon mahaifina shaida ce: na kwance ta ina aji huɗu, har yau ba ta sake cewa uffan ba. Don haka na duƙufa karatu a waya, data na ƙarewa ina sake sakawa, har na gane ashe duk rigimar a kan wani ɗan faranti ne da ke cikin kyamara, wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Sensa ake ce masa. Na kirof ƙarami ne, na ful firem babba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wai gilashi ɗaya, wuri ɗaya, amma hoto biyu daban. Na karanta na yarda, amma zuciyata ta ce sai ta gani da ido.

A gidanmu akwai wata tsohuwa da ta zo daga Borno a shekarun da zaman can ya gagara, ta kama ɗakin da ke kusa da madafa. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa. Mu yara muna ce mata Kaka, mahaifiyata tana ce mata Hajja. Mu masu zuwa coci ne, ita kuma ba ta wasa da sallarta, amma tukunyarsu da mahaifiyata kusan ɗaya ce. Da azumi mahaifiyata ke dama mata kunun gyaɗa, da Kirsimeti ita ke tsayawa kan suyar nama, bayan ta tabbatar ɗan uwanta Musulmi ne ya yanka akuyar. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, hoto. Kana ɗaga waya za ta ja lafayarta ta rufe fuska.

A shekarar ne ɗanta ya aiko cewa ya kammala gini a Maiduguri, da an shiga sabuwar shekara zai zo ya ɗauke ta. Tun daga ranar mahaifiyata ta rage walwala. Ta sa na binciko duk hotunan gida ko za a dace da Hajja a ciki. Ban samu komai ba sai bakin lafaya a gefen wasu hotunan Kirsimeti.

Shi wannan hoton na Kirsimeti al'ada ce a gidanmu. 'Yan uwa kan sauko daga ƙauyenmu na kan dutse, bayan an taso daga coci a jeru a tsakar gida, mahaifina da ƙannensa a kan kujeru, yara a ƙasa, ni in manne da katanga in ɗauka. Daga inda nake tsayawa, hoton kan ƙare ne daidai wani tsohon turmi da ke kusa da madafa. Mahaifiyata ba ta taɓa yarda ta zauna a tsakiya ba, kullum a ƙarshen layi take tsayawa jikin turmin, wai don ta riƙa leƙa tukunya. Kuma kowace shekara sai hoton ya fito babu tafin hannunta na dama, ya yanke daga wuyan hannu. Ƙannena suka mayar da abin tsokana, wai ni ne mai hoton da ya guntule hannun uwarsa.

Wata ranar da yamma na tarar da ita tana sheƙar dawa. Da yake na rasa wanda zan yi wa bayanin sabon ilimina, matata ma ta ce in ta sake jin kalmar sensa za ta tafi gidansu, sai na zauna na addabi tsohuwa. Na ɗauko faifai biyu, ƙarami da babba.

"Mama, in kin zubo dawa daga sama, ƙaramin faifai na tsakiya kawai zai tara, na gefe ya zube ƙasa. Babban kuwa zai tare har da na gefen. To kyamarata ƙaramin faifai ne da ita."

Na zaci za ta kore ni. Sai na ga ta ajiye ƙwarya.

"Wato babban zai kama abin da naka ba ya kamawa?"

"Haka suka ce."

"Ko kana tsaye a wurin da ka saba?"

"Ko ban ɗaga ƙafa ba."

Ta waiga wajen madafa, ta rage murya. "Har bayan turmi?"

Na ce ina tsammani. Ta ce, "To ka aro na abokinka ran Kirsimeti, sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma ka rufe bakinka, kada kowa ya ji." Na tashi ina fara'a, a tunanina na samu ɗaliba mai son kimiyya.

Abokina ya ba ni aron tasa bayan ya yi mini huɗuba mai tsawo kan yadda zan riƙe ta. Da yake kamfani ɗaya ne ya ƙera su, tsohon gilashina ya zauna mata daram. Ranar Kirsimeti aka jeru kamar kullum, na jingina da katangata. Na fara ɗauka da tsohuwar don in samu abin kwatantawa, hoto ya ƙare a turmi, hannun Mama a guntule. Sai na cire gilashin na ɗaura wa ta aro, kowa na ganin wasan da na saba ne, na ɗora ido.

Gida ya buɗe. Ta dama ga igiyar shanya da keken ƙanina. Ta hagu ga turmi gaba ɗayansa, ga kuma Kaka tsaye a bayansa, cikin sabuwar lafaya, ta sha lalle, ta gyara tsayuwa, tana kallon kyamara kai tsaye da murmushi har wushiryarta ta fito. A kan bakin turmin kuwa ga hannun mahaifiyata na dama, wanda na yi shekaru ina shan gori a kansa, riƙe gam da na Kaka.

Na danna. Sannan na tsaya kamar gunki, har mahaifina ya ce ko kyamarar aro ma na kwance ta ne.

Ashe tsohuwar nan ta daɗe da gane iyakar kyamarata fiye da ni. Ta lura duk hoton da aka wanko a turmi yake tsayawa, sai ta mai da bayan turmin wurin tsayuwarta. Kowace shekara takan yi kwalliya ta fito a ɗauki hoton da ita, ba tare da ta shiga cikinsa ba. Mahaifiyata kaɗai ta sani.

Farin cikina bai daɗe ba, don na ji kamar na yi sata. Matar da ke rufe fuska in an ɗaga waya, ga shi na ɗauke ta ba da saninta ba. Na ce wa mahaifiyata ba zan wanke hoton ba sai Kaka ta gani ta yarda. Ta ce ina da gaskiya. Da la'asar, bayan baƙi sun ragu, muka same ta a ƙofar ɗakinta tana gyara kwalaben turare. Na durƙusa na nuna mata fuskar kyamarar.

Ta kai ta kusa da ido, ta janye, ta sake kawowa. Can ta dubi mahaifiyata.

"Ke ne kin yi wannan aiki."

"Ni ce," in ji mahaifiyata, ko kunya babu.

"Wannan hoton zuriya ne," Kaka ta ce. "Ni baƙo ne, ɗan haya. Gobe jikoki su tambaya wannan tsohuwa na gefe wane ne, za a ce musu me?"

"A ce musu wadda ta yi musu wankan farko. Akwai jikan gidan nan da bai bi ta hannunki ba, Hajja?"

Ganin idon Kaka ya kawo ruwa, sai na yi saurin nuna gwaninta. Na ce, "Kaka, kada ki damu, babban hoto ana iya rage shi. Ga shi." Na matso da hoton a fuskar kyamara har ya koma daidai yadda tsohuwar ke ɗauka. Ta ɓace, turmi ya rabe biyu, hannun mahaifiyata ya sake yankewa a wuyan hannu.

Kaka ta dubi guntun hannun nan. Ta ce, "Kai! Haka yake fitowa duk shekara?"

Na ce haka yake fitowa.

"Mayar. Mayar da hannun uwarka, kada ka yanka." Ta goge ido da bakin lafaya. "In ka wanke, ka yi guda biyu. Nawa ya zama babba, idona ba ya gani sosai."

Da ɗanta ya zo, hoton na cikin akwatinta, nannaɗe a cikin zani tsakanin kwalaben turare. Namu yana rataye a falo. Shi kaɗai ne hotonta da muke da shi, don bayan 'yan shekaru aka kira mahaifiyata a waya aka sanar da ita rasuwarta.

To me na saya? Ful firem, ita ma ta hannu. Dattijon mai wanke hoto har yau yana cewa zuciya ce ta yi mini ciniki, gilashi mai faɗi a kan tsohuwar kyamarata da ya kamo Kaka har da kajin bayanta, a kan kuɗin da bai kai rabi ba. Gaskiya ya faɗa. Sabuwar tana da nauyi, wuyana ya san da haka, kuma ran da aka kira ni kasuwar shanu na tuna da shi sosai lokacin da na ga dole sai na matsa kusa da wani bajimi. Amma a cikin coci in an ɗauke wuta tana fitar da fuskoki tas, kuma ba na nadama.

Ga mai tambayar jiya: in abin da kake ɗauka daga nesa yake, ƙwallo ko tsuntsu ko dabbobi, kirof zai yi maka, ragowar kuɗin ka sa a gilashi mai kyau. In aikinka a ɗakuna masu duhu da matsattsun gidaje ne, ka duba babbar. Kafin ka saya, ka aro ka ɗaura gilashinka, ka tsaya a wurin da ka saba tsayawa. Ni dai abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, abin da ka ɗebo da yawa kana iya ragewa daga baya, wanda ba ka ɗebo ba kuwa ya tafi ke nan. Har yanzu in na tuna shekarun da tsohuwar nan ta yi tana shafa lalle don hoton da ba za ta fito a ciki ba, sai in ɗaga kai in dubi hoton da ke falo.

Muna nan muna ɗaukar hoton Kirsimeti. Mahaifiyata ta hana a taɓa turmin, kuma har yau ta ƙi zama a tsakiya. Bara wani jikanta ya dubi hoton ya ce mini na karkace, na bar fili a hagu babu kowa sai tsohon turmi. Na ce masa ya sake dubawa ya ga inda kakarsa ta ɗora hannunta.