Tandun Kaka da Bindigar Inusah

Inusah ɗan gwaggona ne, taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Mai gadi ne a babbar kasuwar 'yan Chaina da ke International City a Dubai. Ranar da aka ɗauke shi aiki an ba shi riga da hula da 'yar rediyon kiran oga, ko sanda ba a ba shi ba. Amma in ka zauna da shi ka kuskura ka ambaci bindiga, to ka yi sallama da la'asar, wataƙila har da magariba.

Bindiga ɗaya ce ta shiga ransa. Karbin ake ce mata, gajeruwa ce ta sojan Amurka ta zamanin yaƙin duniya na biyu, wadda in ka harba take ɗura wa kanta wani harsashin. Inusah ya san kamfanonin da suka ƙera ta fiye da yadda ya san sunayen surukansa. Bai taɓa riƙe ta gaske ba, kuma a Dubai baƙo irinsa ko mafarkin ajiye bindiga ya yi, ya kamata ya tashi ya haɗa kayansa. Don haka sai ya koma tara abin da ke kewaye da ita: maratayinta na tamfol, jakar harsashi wadda ba harsashi a ciki, tsofaffin hotuna, da 'yan ƙananan kwaikwayonta da ba su wuce tsawon cokali ba. Ya jera su a bangon ɗakinsu, har matarsa Hamamatu ta rasa inda za ta rataye madubi. Ni dai na ce masa shi ne mutum na farko da na gani ya sayi linzami da sirdi da ƙaimi, doki kuma sai a hoto.

Asalin cutar daga gidanmu na Zango ne a Kumasi. Kakanmu Kofur Hafiz ya je yaƙin Bama, ya dawo da tari da labarai da wani ɗan bututun ƙarfe mai tsawon yatsa, da tsinke a jikin murfinsa. Wata rana ya ce sojan Amurka ne ya ba shi, wata rana ya ce tsinta ya yi a bakin kogi. Kaka Ummulkhair ba ta damu da wanne ne gaskiya ba. Ta ga bututu da tsinke, ta wanke, ta ɗura kwalli, ya zama tandunta har ƙarshen rayuwarta. Sai da Inusah ya zo Dubai ya ga hoton karbin a waya, da irin bututun nan a maƙale cikin ƙotarta, sannan ya gane cewa tandun Kaka mazubin man bindiga ne. A wurin ya kamu. Da Kaka ta rasu bara, ya je gaisuwa ya roƙi uwarsa, Gwaggo Umma, ta ba shi. Ta ba shi ajiya, don shi mutum ne da har kwalin wayarsa ta farko yana nan.

To akwai wani dattijo ɗan Filifin, Mista Rudi, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Al Nahda, shi ma cutar ɗaya ce da ta Inusah. Yana da karbin ta katako da wani masassaƙin garinsu ya yi, tsawonta da faɗinta daidai da ta gaske, sai dai ko sauro ba za ta kashe ba. Inusah ya daɗe yana zuwa gaishe da wannan katako kamar mai neman aure. Da Rudi ya ga tandun, ya ga wasu haruffa a gindinsa, ya ce irinsa ba ya samuwa, ya nemi su yi musaya. Inusah ko shawara bai yi ba. Ya kawo katakon gida a cikin kwalin sandar labule, ya kafa masa ƙusoshi a saman gado, ya kira ni a waya ina tsakiyar yi wa wata Balarabiya lalle a shagonmu na Abu Hail, wai in zo in gani. Bai gaya mini me ya bayar ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba a jima ba Hamamatu ta haihu, mace. Gwaggo Umma ta iso daga Kumasi da jakunkunan da suka kusa hana jirgin tashi: garin rogo, busasshen kifi, yaji, sabulun salo. Ana jibi suna, muna zaune muna gyaran shinkafa, ta ce wa Inusah ya ɗauko mata tandun ta duba ko da sauran kwalli a ciki.

A gidanmu, duk jaririn da aka haifa, safiyar suna kafin a fita da shi wajen maza, tsohuwar gida tana ɗiga masa kwallin tandun nan a goshi. Ni an yi mini, ubana an yi masa, Inusah kansa an yi masa. Amma a ɗakin mai jego ake yi, maza suna waje suna rabon goro da jiran liman, shi ya sa har ya yi gemu bai san da zancen ba. Shi a ganinsa Kaka kwalliya kawai take yi da kayan tarihi.

Ya tsaya yana kallon bango. Gwaggo ta bi idonsa ta ga katakon. Sai da ya yi bayani har sau biyu, na farko da sunayen kamfanoni, na biyu da Hausa.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Inusah, wannan icen za ka shafa wa uwata a goshi?" Don sunan Kaka za a sa wa yarinyar. Ta ƙara da cewa in babu tandu maza su yi sunansu, ita za ta zauna a kicin, kuma za ta gaya wa Kumasi dalili.

Washegari aka mayar da katakon cikin kwalin labule. Na bi shi, don abin kallo irin wannan ba a ba ni labari. Direban tasi ɗan Pakistan ya tambayi me ke ciki, Inusah ya fara gumi kamar wanda ya ɗauko igwa, ni na ce labule ne habibi, yalla mu tafi. Duk hanya ina kiransa Janar, bai amsa ko sau ɗaya ba.

Mista Rudi ya karɓe mu da shayi. Ya riga ya wanke tandun tas, ya zuba masa mai, ya kwantar da shi a akwatin gilashi kamar gawar sarki. Da ya ji abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta canza, ya ce musaya ta riga ta wuce, khalas. Inusah ya fara kawo masa hujjoji na masu tara kaya, Rudi yana mayar masa da waɗanda suka fi su. Da na ga za mu kwana a nan, na ɗaga gashin goshina na nuna masa wurin, na ce nan aka ɗiga mini, nan aka ɗiga wa wannan ƙaton, gobe kuma akwai wata tana jira. Rudi ya dubi akwatin gilashin. Ya ce shi ma kakarsa tana da abin da take ɗaura wa jarirai a hannu. Amma dattijon ba wawa ba ne. Ya ce zai mayar, in an bar masa katakonsa, an kuma ɗora masa maratayin nan mai tambarin soja da ya gani a ɗakin Inusah, wanda ya fi kowanne tsufa.

Inusah ya dube ni, na dubi silin. Ya ce, "Shamsiya, ke ba ki san abin da yake nema ba."

Na ce, "Na san abin da Gwaggo take nema."

Da yamma ya kai maratayin da hannunsa.

Gwaggo ta wanke tandun da ruwan zafi da sabulu har sai da warin mai ya fita, ta shanya, ta ɗura sabon kwalli. Da safe ta ɗiga wa jaririyar a goshi, aka miƙa ta falo inda 'yan Zango da maƙwabta 'yan Kano suka cika har bakin ƙofa, liman ya raɗa mata Ummulkhair. Mista Rudi ma ya zo, ya ci wake da shinkafa faranti biyu, ya ce yajin ya kusa kai shi asibiti, ya ƙara na uku.

Bayan an watse Inusah ya miƙo hannu a ba shi ajiyarsa. Gwaggo ta wuce hannun kamar ba ta gan shi ba, ta damƙa wa Hamamatu tandun. Yanzu yana cikin jakar kayan kwalliyarta, tsakanin hoda da turare. In Inusah yana son ganinsa sai ya roƙa, kuma a gabanta zai duba haruffan ya mayar. Ƙusoshin da ya kafa wa katakon suna nan a saman gado, Hamamatu ta rataye madubinta a ɗaya.