Ranar da Agogon Kwamfuta Ya Ɓace wa Malam Daƙiƙa

Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago mai taga ɗaya, tsakanin tela da mai sayar da takalma. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, kowa Malam Daƙiƙa yake ce masa, domin in ya ce ka dawo huɗu da minti goma, to kada ka kuskura ka zo huɗu da kwata. Mutum ne siriri mai sanyin magana. Idonsa na dama ya ɗan ƙanƙance saboda yawan maƙala gilashin duba ƙananan ƙarafa, amma hannunsa ko kaɗan ba ya rawa. Da wannan hannun ya gina ɗaki uku da falo, ya yi wa 'ya'yansa mata uku karatu.

Da wayoyin hannu suka cika gari ciniki ya ja baya, shi kuwa ko a jikinsa. Ya saki shagon, ya kwaso teburinsa zuwa ɗakin da ke bakin ƙofar gida. Masu tsofaffin agogo na gado suna nemo shi har can, mutum biyu ko uku a mako, kuma hakan ya ishe shi.

Akwai kwamfutar tebur a ɗakin. Surukinsa ne ya kawo masa ita, mijin babbar 'yarsa, lokacin da aka sake na'urori a wurin aikinsu. Ya koya masa buɗe hotunan jikoki da nemo zanen cikin agogon da bai taɓa kwancewa ba. Malam ya ƙara mata wani aikin da kansa: kullum da safe sai ya dubi ɗan agogon da ke kusurwar dama ta layin sama, ya daidaita na bango da shi, sannan na masu kawo gyara.

Wata Talata ya kunna ta, babu agogo. Alamar sauti na nan, ta intanet na nan, wurin agogo kuwa wayam. Ya kashe ya sake kunnawa. Ya goge gilashin da gefen riga. Da ya ga ba sauyi, sai ya juya bayan kwamfutar, ya ɗauko sukudireba.

A haka matarsa ta same shi, da kofin shayi a hannu. Tsohuwar malamar firamare ce, shi ma Malama yake kiranta.

"Malam, me za ka yi wa baiwar Allah nan?"

"Agogonta zan duba."

"Tsayawa ya yi?"

"Ɓacewa ya yi."

"To cikin nan kake zaton ya faɗa? Don Allah ajiye ƙarfen nan ka kira surukinka."

"Ni? In kira shi a kan agogo? Da wane bakin?"

Malama ta yi dariya har shayin ya so zuba. Ta jawo kujera, ta ɗora tabarau a karan hanci. Ita ba ta taɓa yarda ta riƙe linzamin kwamfuta ba, ta ce 'yar kibiyar da ke yawo a gilashin guje mata take yi. Shi kuma rubutun ciki yana yi masa wuyar karantawa. Sai suka raba aiki: ita ta karanta, shi ya danna.

Suka shiga wurin saituna suka yi ta ɓatan kai. Da farko hoton bango ya koma wani dutse mai ƙanƙara. Can kuma haruffa suka kumbura, kowanne ya kai babban yatsa.

"Ka ga, yanzu ko ba tabarau ina gani," in ji ta. "Bar shi haka."

"A'a, a mayar da komai yadda aka same shi. Haka nake aikina."

Sai da shayin ya huce suka kai sashen kwanan wata da lokaci. Malama ta nuna wani ɗan akwati da farce.

"Wannan ya ce a nuna lokaci a layin sama, ga shi ba komai a ciki. Danna."

Ya danna. Nan take lambobin suka fito a kusurwarsu: tara da minti sha bakwai. Malam ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdulillahi, sai kuma ya hau sosa ƙeya.

"Ina jin ni ne. Jiya na shigo nan ina neman yadda zai riƙa nuna sakan."

"Ai na san ba aljani ba ne. Ga na sakan ɗin nan ƙasa, ka tsallake shi."

Ya danna shi ma, ya zauna yana kallon lambobin suna gudu, fuskarsa fal murmushi.

Ana haka aka yi sallama. Wata mata ce ta kawo agogon hannun mahaifinta marigayi, naɗe a hankici. Malam ya koma teburinsa, ya maƙala gilashi a ido, ya kara agogon a kunne. Malama ba ta tashi ba. A hankali ta ɗora hannu a kan linzamin, ta yi ta lallaɓa kibiyar har ta kai ta kan hotunan jikoki.

Tun daga ranar, da safe sai ya jira ta gama kallon hotuna kafin ya samu kujerar gaban kwamfutar. Yakan yi ɗan gunaguni, amma shi da kansa ya sa kafinta ya rage wa kujerar tsawo don ƙafarta ta riƙa taɓa ƙasa.