Dawar da Muka Kai Coci

A shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ina cikin shekarata ta biyu a gidan miji, a wani ƙauye na bakin ruwa can gefen Wara. Ni 'yar Yelwa ce. Babanmu kafinta ne, kuma ko da yake ba masu arziki ba ne mu, ban taɓa ganin an ɗora tukunya a gidanmu da hatsin wani ba. Maigidana manomin shinkafa ne, yana ɗan taɓa kamun kifi idan rani ya yi. Muna zaune da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, a ɗaya daga cikin gidajen simintin nan da aka gina wa mutane lokacin da ruwan dam ya cinye tsoffin garuruwansu.

Inna mace ce mai yawan godiya, har abin yakan gundure ni. Da safe in ta sauko daga gado ta ji ƙafarta ta ɗauke ta, sai ta ce, "Na gode, Ubangiji." Kaza ta yi ƙwai, ta gode. Ta nemi allura ta gani, ta gode. Addu'ar abinci kuwa ba a magana. Takan fara da Hausa ta zarce da Kambarci, ta gode don hatsi, ta gode don wanda ya noma shi, ta gode don itacen da ya dafa shi, mu kuwa muna zaune hannu a wanke muna jira. A gidanmu na Yelwa addu'ar abinci ba ta wuce numfashi biyu. Ina ganin abin Inna tamkar halin tsofaffi ne kawai.

A daminar nan maigidana ya zuba duk ƙarfinsa a fadama. Gonar tudu ɗan kaɗan ya taɓa, don shinkafar bara ta yi kyau, yana ganin ta bana za ta fi. Ta kuwa yi kyau har ta fara fitar da kai. Sai ruwa ya hau, ya zo da wuri, ya kuma wuce inda ya saba tsayawa. Da kwalekwale ya riƙa shiga gonarsa, yana sunkuyawa yana yanko abin da hannunsa ya kai a ƙarƙashin ruwa. Abin da ya kwaso muka shanya a tsakar gida, amma rabi ya yi tsiro ya lalace, rabi ya ruɓe. Warin ya daɗe bai bar gidan ba.

Ranar da ya haƙura ya daina zuwa, da muka zauna cin abinci, Inna ta ɗaga murya ta gode wa Allah da ruwa ya ci shinkafa bai ci ɗanta ba. Maigidana ya ce amin can ƙasa-ƙasa. Ni ban ce ba.

A maƙwabtanmu akwai wata dattijuwa Musulma mai bandar kifi, kowa Gwaggo yake ce mata. Ƙawar Inna ce tun daga tsohon gari. 'Ya'yanta suna noma a tudu, kuma dawarsu ta yi kyau a shekarar. Da suka yi girbi, sai ga su da amalanke a ƙofar gidanmu, da rana tsaka, suna sauke dammunan dawa. Matan unguwa na dawowa daga ɗibar ruwa, duk suka tsaya suna kallo. Inna ta fita tana tafi tana sa albarka. Ni kuwa na shige ɗaki na saki labule, ban fito ba sai da na ji ƙarar amalanken ta yi nisa.

Daga ranar na daina bi ta ƙofar gidan Gwaggo. Hanyar bakin ruwa ta nan ta bi, amma sai in zagaya ta bayan makarantar firamare da tulu a kai, in sha rana, don kada mu haɗa ido. Duk saƙon da zan aika Yelwa kuwa iri ɗaya ne: muna lafiya, an gode Allah, kaka ta yi kyau.

Ana haka sai yayata ta zo. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, an mayar da shi Birnin Kebbi tunda an sami sabuwar jiha, ta ce ba za ta tafi ba sai ta zo mun yi sallama. Ta iso ranar kasuwa da atamfarta sabuwa da takalmi mai tsini. Na yi murna, gabana kuma ya faɗi, don Lahadin da za ta yi a wurinmu ita ce ranar godiyar kaka a cocinmu.

Na tuƙa mata tuwon dawa da miyar kuka. Ta ci, ta dube ni tana dariya.

"Ke da kike auren sarkin shinkafa, dawa za ki ba ni?"

"Ba a casa ba tukuna, Yaya," na ce. Inna tana gefe tana gyaran wake, ba ta ɗago kai ba.

Da safiyar Lahadi na tarar da Inna a bakin rumbu tana cika babbar ƙwarya da dawar da na sussuka. Na matsa kusa da ita na rage murya don kada Yaya ta ji.

"Inna, da mun bari bana."

"Mi za mu bari?"

"Kai kayan godiya. Ai kowa ya san abin da ya same mu. Kuma dawar nan ba tamu ba ce."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ɗiyata, tuwon da kika ci jiya, na wa ne?"

Ta ci gaba da zuba dawa a ƙwarya.

"To, abin da ya shiga cikinmu shi za mu kai. Wuyana yana ciwo, ke za ki ɗauka."

Cocinmu ɗan ƙarami ne, ginin ƙasa da rufin kwano, amma ranar ya cika har waje. Al'adarmu ita ce a kira gida-gida. In an kira gida, mutanensa su taso daga baya da kayansu, zumuntar mata tana buga tulu da caki, su taka rawa har gaba su ajiye. Waɗanda gonakinsu ke tudu sun zo da abin mamaki. Akwai mai buhun masara, akwai mai tulin doya, wani ma akuya ya jawo tana turjewa mutane na dariya. Yaya tana kusa da ni tana tafi, tana cewa coci na ƙauye ya fi na gari daɗi.

Aka kira gidanmu. Inna ta miƙe kafin kowa, ta shiga gaba tana rawa kamar wadda ta kawo sa. Ni ina biye da ƙwarya a kai, maigidana yana bayana. Ban taɓa sanin tsakanin ƙofa da bagadi yana da nisa haka ba. Na sauke ƙwaryar kusa da buhunan mutane, na juya zan koma da sauri, sai Inna ta riƙe mini hannu. Ta ce wa fasto tana da magana. Aka tsayar da kiɗa.

"'Yan'uwa," ta ce, "kun san ruwa ya ci gonarmu. Ko tiya ɗaya ta shinkafa ba mu ɗauka ba. Dawar nan da kuke gani, ba mu muka noma ba. Maƙwabciyata mai bandar kifi ce ta aiko mana, ita da ba ta ma shiga ɗakin nan. Ita muke ci tun da aka yi girbi, ba mu kwana da yunwa ba. Ku taya ni gode wa Yesu, ni kaɗai ba zan iya ba."

Wata mata ta rangaɗa guɗa, kiɗa ya tashi, mutane suka miƙe. Wasu tsofaffi suna share hawaye. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwa. Kaina yana ƙasa, ban ga fuskar kowa ba. Da na koma benci, abin da na lura da shi kawai shi ne Yaya ta daina tafi.

Da muka isa gida muka shiga ɗaki, Yaya ta cire ɗankwali ta zauna a bakin gado.

"Ashe ni bare ce," ta ce.

"Yaya, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Kin dubi idona kin ce ba a casa ba. Na zauna ina yi miki ba'a a kan tuwon da aka ba ku sadaka, surukarki tana ji. Kin san yadda na ji a cocin nan?"

Sai ta fashe da kuka. Na yi tsammanin faɗa za ta yi, da faɗan ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ta ji, amma washegari da na raka ta bakin ruwa ta shiga jirgi ba ta waiwayo ba.

Kasuwa ta gaba sai ga Babanmu da kansa, da buhun masara a jirgi. Bai yi mini faɗa ba. Ya gaida Inna, ya zauna da maigidana a ƙarƙashin mangwaro suka daɗe suna zancen ruwa. Da zai tafi ya ce mini kawai, "In abu ya same ki, gida ake fara faɗa wa." Na raka shi ina kallon ƙasa.

A cikin kwanakin nan na gane ba na iya addu'a. In na rufe ido, roƙo ne kawai yake zuwa: Ka fitar da mu, Ka rufa mana asiri. In na zo wurin godiya sai bakina ya yi nauyi, don duk abin da zan ambata, akwai wanda ya ba mu shi, kuma tuna mutumin yana sa ni jin kunya. Inna ta lura, amma ba ta matsa mini ba. Wata safiya muna tankaɗe sai ta ce, kamar da wasa:

"Gwaggo tana tambaya ko matar ɗana ba ta da lafiya. Ta ce ta daɗe ba ta ga wucewarki ba."

Na ci gaba da tankaɗe.

"Na yi ta godiya a madadinki har na gaji. Bakina daban, naki daban. Ki tafi yau."

Na yi ta jan aiki har rana ta yi sanyi, sannan na yafa gyale na fita. Na tarar da Gwaggo a bayan gida wurin bandarta, hayaƙi ya turnuƙe, tana juya kifi da hannu kamar ba ta jin zafi. Na durƙusa na gaishe ta. Na tambayi gida, na tambayi yara, na tambayi kasuwa, na sake tambayar gida. Ta amsa duka, sannan ta dube ni da jajayen idanunta.

"To, mi ya kawo ki?"

"Gwaggo, godiya na zo yi. Dawar nan... tun tuni ya kamata in zo. Kunya ce ta hana ni."

Ban san hawaye na zuba ba sai da na ji gishirinsu a bakina.

Ta ɗan yi dariya ta jawo mini kujera 'yar tsuguno da ƙafa.

"Zauna. Ai na ga kina zagayawa ta bayan makaranta. Na ce a bar ta, rana za ta koro ta." Ta juya wani kifi. "Shekarar da aka tashe mu daga tsohon gari, maigidana ya rasu ya bar ni da yara ƙanana. Surukarki ce ta ciyar da mu damina guda. In na hango ta da akushi sai in shige ɗaki in ce wa yara su ce ba na nan. Na san abin da ke cin ki. Ba daɗi a ba ka."

"Inna ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ba za ta faɗa ba. Ita bakinta na godiya ne kawai."

Na zauna har hayaƙi ya kama mini gyale. Da zan tafi ta zaɓo manyan kifi ta naɗe a ganye ta miƙo mini. Hannuna ya so ya noƙe saboda tsohuwar kunyar nan. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce na gode, Allah Ya saka da alheri. Ta ce amin.

Ba zan ce daga ranar na zama kamar Inna ba. Har yau addu'ata gajera ce, kuma akwai ranakun da sai na yi da gaske kafin in sami abin da zan ce na gode a kansa. Amma na fara, da abu ɗaya a rana, ina ambatar abin da sunan wanda ya zo ta hannunsa. Da farko a zuci nake yi, daga baya na iya faɗa a gaban mutanen gida. Yaya kuwa sai da Kirsimeti ta shekarar da ta biyo baya muka yi hira ta sosai.

Kafin in fita daga gidan Gwaggo a yammacin nan, ta kira ni ta ce in ba ni da aiki gobe in zo da wuƙa, masunta za su kawo kifi da yawa kuma 'yarta ta tafi Shanga biki. Na je. Na koma jibi ma. A ranin nan na koyi gyaran kifi da sa gishiri da sanin itacen da hayaƙinsa ba ya ɗaci, har ta fara ba ni nawa kason ina kaiwa kasuwar Wara. Da wannan sana'a muka kai damina.