Ƙarshen da Tsoho ya ajiye

Tsoho muke ce masa tun gashinsa bai fara fari ba. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan Dogon Dutsi, ya bar alli ya tara mu a tsakar gidansa na Lamorde yana koya mana wasan kwaikwayo. Ni nake fitowa a uwa, matar wani masunci na Gudel da ɗanta ya shiga kwalekwale bai dawo ba. Na yi shekaru ina jiran yaron nan a bakin tabarmar da muke shimfiɗawa a matsayin kogi.

Tsoho ba ya rubuta wasa. A kansa yake ajiye shi, ya raba mana baki da baki. Kuma yana da wani hali da ya sha ba ni haushi: ba ya yarda a yi gwajin ƙarshen wasa. Sai an kusa gamawa, jama'a na zaune, in leƙa bayan labule, ya sa bakinsa a kunnena ya raɗa mini abin da zan yi. Yau yaron ya dawo, gobe rigarsa kaɗai aka tsinta, jibi uwar ta haukace. Na taɓa ce masa, "Tsoho, don Allah wanne ne na gaskiya?" Ya yi dariya ya ce, "Ƴata, na gaskiyar na ajiye wa fim."

Fim ɗin nan ya ci rayuwarsa. Ba ofishin da bai taka ba neman kuɗin yin sa, kullum a ce ya dawo. Muka watse. Wani ya kama tuƙin taksi, ni na buɗe shagon ɗinki a Banifandu. Matarsa, wadda nas ce, ita ta riƙe gidan, ta kuma riƙe shi lokacin da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki ya tafi da maganarsa.

Sai bayan haka wani tsohon ɗalibinsa ya zo da kamara. Wallahi da na ji, zagi ya fara zuwa bakina. Ina kamarar take lokacin da mutumin nan yake da harshe? Amma na rufe shago na je.

Muka sake haɗuwa, muka ɗauko Tsoho a kujera zuwa bakin ruwa a Gudel, da hantsi, masu lambu suna kallonmu. Kowa ya tuna nasa, har waƙar masunta ba mu manta ba. Idonsa na bin mu, hannunsa mai lafiya yana buga gwiwa in an yi daidai. Da wasan ya iso wurin da na saba leƙawa bayan labule, sai ƙafata ta kai ni gare shi da kanta. Na durƙusa, na kai kunnena bakinsa.

Ya yi ƙoƙari. Na ji numfashinsa da ɗumi, na ji harshen yana ta motsi. Yawu ya zubo mini a wuya. Ya sake, ya sake, har matarsa ta dafa shi ta ce, "Ya isa, Baba."

Mai kamara ya ce in zaɓi ɗaya cikin tsofaffin ƙarshen, ai na san su duka. Na ƙi. Duk Tsoho ya ce ba su ba ne.

Ya rasu kafin damina ta shigo. Fim ɗin yana cikin wayata, ba na nuna wa kowa. A wurin da fim ɗin ya tsaya, ina durƙushe gaban kujerarsa, kunnena a bakinsa, ina jira.