Inna a Bakin Ƙofar Ɗakin Naƙuda

Shekarun baya can, lokacin da nake ɗauke da cikin fari, zumuɗi ya kusa haukata ni da mijina. Tun cikin bai fito ba ya fara jido kayan jarirai zuwa gidanmu na unguwar Arras a Abidjan. A bakin tashar jiragen ruwa yake aiki, kuma har abokan aikinsa sun san ranar da nake zuwa awo. Ni kuwa kullum ina gaban madubi ina juyi, wai ko ya ƙara girma.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ne mahaifiyata. Ni ce 'yarta ta fari, ita kuma mutuniyar Nijar ce ta ainihi, duk da shekarun da ta kwashe tana sayar da atamfa a kasuwar Adjamé. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Ƙannena suna hawa cinyarta, ni sai dai in ga an ƙara mini nama a kwano. Na san tana sona. Amma ina so ranar da zan haihu ta kasance kusa da ni, kuma bakina ya kasa faɗa mata.

Ƙawata ce ta haɗa ni da wata mata 'yar ƙabilar Jula mai rakiyar masu ciki, irin waɗanda ake ce wa dula. Ba ungozoma ba ce, ba ta ba da magani, ba ta karɓar haihuwa. Aikinta ta zauna da ke, ta koya miki numfashi, ta kwantar miki da hankali. Da Inna ta ji labari, sai ta taɓe baki ta ce wa ƙanwata wai yanzu har uwa ake haya a Abidjan. Maganar ta soke ni. Na kwashe na gaya wa matar, har da abin da ke raina. Ta saurare ni tsaf, ta ce ita ba ta zo zama a gurbin kowa ba. Bayan kwana biyu sai na ji ta je rumfar Inna, ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙi a koya mata yadda ake dama kunun kanwa na mai jego.

Da hantsi naƙuda ta taso. Mijina ya fita neman tasi da takalmi wari da wari. A ƙaramin asibitin da muka je a Treichville, ƙawata ta karɓe wayoyinmu tana amsa dangi, matar nan tana danna mini ƙugu, shi kuma yana mini fifita yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta cin abinci. Ina ciwo ina dariya.

Inna ta iso da fulas ɗin kunu, ta zauna a benci a waje. Ina za ta shiga? Ga surukinta a ciki, ga 'yar fari a kan gado. Sai dai in hango bakin mayafinta yana wucewa ta ƙofa, ya dawo, ya sake wucewa. Duk wucewar sai in ce yanzu za ta shigo, ba ta shigo ba.

Matar nan ta dubi ƙofa, ta dube ni. Sai ta ce wa mijina ina bukatar ruwan kwakwa, kuma kada ya sayi na bakin asibiti, na wajen babban masallaci ya fi daɗi. Bawan Allah ya fita a guje, murna yake an ba shi aiki. Yana fita ta leƙa waje ta yi magana da Julanci.

"Maman, hannuna ya mutu. Ki taimake ni ki danna mata nan kafin in huta."

Can sai Inna ta shigo tana kallon bango, tana cewa ita dai baiwar Allah ɗin nan ta zo taimaka wa. Ƙamshin sabuwar atamfa ya cika mini hanci. Ta ɗora hannu a bayana, daidai wurin, ba wanda ya nuna mata. Tun da na yi wayo ban san taɓin hannun nan ba.

Da ciwon ya kai maƙura, na fashe da ihu da Faransanci ina cewa mutuwa zan yi. Inna ta sunkuyo dab da kunnena, ta kira sunana. Cikakke, a hankali.

"Ina nan," ta ce. "Ba inda za ni."

Wallahi sai da na waiga don in tabbatar ita ce. Ungozoma ta ce in bar kallo in yi nishi, na yi, 'yata ta faɗo tana tsala kuka.

Mijina ya dawo rungume da kwakwa kamar mai shirin buɗe rumfa. Ya zubar da su, ya yi wa jaririya kiran salla a kunne. Inna kuwa tuni ta koma bencinta, tana gaya wa ƙawata cewa yarinyar nan ta sauka lafiya. Matar da hannunta ya mutu na gani da idona ta ɗauki jakunkunanmu duka ta kai mota.

In na tuna ranar nan har yanzu daɗi nake ji. Kowa nawa ya zo da ƙaunarsa, amma kunya da ruɗewa sun ɗaure su. Sai da aka samu bare mai ido, ta aiki wannan waje, ta jawo waccan ciki, ita kuma ta ja da baya.

Har yau Inna ba ta sake kiran sunana ba, na koma "yarinyar nan" da 'ya'yana a gabana. Ban damu ba ko kaɗan, don na riga na ji yadda yake fita daga bakinta.