Wilin da Ya Tara Mini Zumuntar Mata

Jama'a, yau matan zumunta sun yi taro a tsakar gidana, kuma wai ni na kira su!

Kun san yadda shara ta toshe mana kwata, ruwa har cikin ɗaki. Na ce yau ko ana ha maza ha mata sai na haɗa duron ƙona shara. Na samo tsohon duro, na huhhuda shi. Saura abin da zai zauna a kai don iska ta shiga ta ƙasa. Sai ga tsohon wilin mota yashe a ciyawa a bayan coci. Na ɗauko!

Da yamma na hau dukansa da guduma don in daidaita bakin. Gwang! Gwang!

Kafin in ankara sai ga mata cikin zanin zumunta. Shugabarsu, Mama Laraba, ta ce, "Malam, mun ji ƙararrawa, mun je coci ba kowa, muka biyo ƙarar."

Ashe wilin nan ne ƙararrawarmu! Iskar jiya ce ta karya reshen mangwaron da yake rataye a kai. Shekara nawa ina jin sa, ban taɓa ɗaga kai na gan shi ba.

Na ce, "Mama, gaskiya ban sani ba."

Ta ce, "Tunda ka kira mu, kawo benci."

Suna waƙa na saɓi wilin, na hau mangwaron na rataye shi a wani reshe. Na dawo na jera duwatsu uku, na ɗora duro, na kunna. Wuta ta kama!

Mama Laraba ta leƙa ta ce, "Gobe ka haɗa wa coci irinsa. Amma kada ka tsinto komai, mu za mu ba ka ƙarfen."